Tun Ran Gini, Ran Zane: Ciwon Hanta da Ranar Farko ta Jariri



Akwai wata irin mutuwa da ta zama sananniya a unguwanninmu, har an daina tambayar dalilinta. Magidanci ne mai shekara talatin da biyar ko arba'in, mahauci ko tela ko ɗan tireda, yana tsakiyar ƙarfinsa. Sai ya fara rama, abinci ya fita ransa, gefen cikinsa na dama ya riƙa yi masa nauyi. Daga baya idanu su yi rawaya, ciki ya kumbura, ƙafafu su tasa. Wasu su ce shawara ce, wasu su ce sammu ne, wasu su ce an ba shi a abinci. A jiƙa saiwar rawaya, a kai shi ƙauye wajen mai magani, a dawo da shi. Ran da aka ɗauke shi zuwa Garwa aka yi hoton ciki, likita ya ja babban wansa gefe ya ce a koma gida a yi haƙuri. Kafin wata uku an share makoki. Mu da aikinmu a zauren dattawa ya haɗa da rubuta sanarwar rasuwa da lissafin gudummawar marayu, mun san irin gidajen da wannan mutuwa take bari: matan aure matasa, yara ƙanana, da bashin jinya.

Da yawa daga cikin waɗannan mamata dajin hanta ne ya kashe su, ko kuma ƙeƙashewar hanta. Tushen ciwon kuwa wata ƙwayar cuta ce da ta shiga jikinsu shekara talatin ko arba'in da suka wuce, galibi ranar da aka haife su ko lokacin suna yara. Ra'ayinmu a wannan rubutu ɗaya ne: babban makamin yaƙi da wannan mutuwa yana hannun al'ummarmu, kuma lokacin amfani da shi shi ne ranar farko ta jariri a duniya, tun kafin a je kasuwa neman ragon suna.

Bari mu fara da sanin abokin gaba. Hanta ita ce matatar jiki: tana tace jini, tana sarrafa abin da muka ci, tana kawar da guba. Ciwon da ke kumbura ta, wanda likitocinmu suke kira "epatit" da Faransanci, iri-iri ne. Nau'in A da na E daga gurɓataccen ruwa da abinci suke zuwa, kuma galibi sukan yi kwanakinsu su wuce. Nau'in B da na C ta jini suke shiga, kuma suna iya zama a jiki har ƙarshen rayuwa. Mugun halin nau'in B shi ne shiru. Mutum zai yi karatu, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, ya je Hajji ya dawo, bai taɓa jin ko ciwon kai a dalilinsa ba, alhali ƙwayar tana cin hantarsa a hankali kamar yadda gara take cin azara. Ranar da alamu suka bayyana, sau da yawa aikin gama ya riga ya gama.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2024, ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da nau'in B a duniya, miliyan 50 kuma na ɗauke da nau'in C, kuma su biyun suna kashe mutum miliyan 1.3 a shekara, wato kimanin 3,500 a kowace rana. Daga cikin masu nau'in B, kashi 13 cikin ɗari ne kaɗai suka san suna da shi. A nan Kamaru, wani binciken ƙasa da aka yi a 2017 ya sami ƙwayar a jinin kashi 8.3 cikin ɗari na masu shekara 15 zuwa 59, kuma an daɗe da sanin cewa jihohin arewa suna cikin waɗanda abin ya fi yi wa yawa. A asibitin Tokombere, can jihar Arewa Mai Nisa, an gwada mata masu ciki fiye da dubu, sakamakon da aka buga a 2013 ya nuna cewa kusan mace ɗaya cikin biyar tana ɗauke da ita. Tsakanin Gider da Tokombere tafiyar yini ɗaya ma ba ta kai ba. Wani binciken da aka buga a 2017, wanda ya tattara bayanan masu dajin hanta daga asibitocin ƙasashen Afirka da dama, har da Kamaru da Najeriya, ya nuna cewa in aka cire Masar, ciwon yana kama mutane ne suna wajen shekara arba'in da 'yan kai, kuma rabinsu ba su kai wata uku ba bayan an gano shi. Wannan lissafi ya yi daidai da abin da idanunmu suke gani a maƙabarta.

Me ya sa muka nace a kan ranar haihuwa? Domin shekarun da mutum yake da su lokacin da ƙwayar ta shige shi su ne ke yanke hukunci. In baligi ya kamu, jikinsa kan yaƙe ta ya kore ta. Ƙasa da biyar cikin ɗari ne take zaunawa a jikinsu. In kuwa jariri ya kamu wajen haihuwa, tara cikin goma za su rayu da ita har abada. Yaro ɗan shekara ɗaya zuwa biyar yana tsakiya, wajen uku cikin goma. Saboda haka magidancin da muka binne yana da shekara arba'in, mai yiwuwa ne ciwonsa ya fara tun yana cikin zanen goyo, daga jinin mahaifiyar da ita ma ba ta san tana da shi ba, ko daga ƙurjin ɗan uwansa da suke wasa tare, ko daga aska.

Wannan bayani ya kamata ya wanke wata kunya da ke hana mutane magana. Da yawa suna ɗauka ciwon hanta na mashayan bilbil da arki ne, ko na masu neman mata, don haka mutumin kirki yakan ɓoye takardar asibiti ko ga matarsa. Gaskiya ne giya tana lalata hanta, kuma gaskiya ne ƙwayar tana bi ta saduwa. Amma a ƙasashenmu mafi yawan masu ɗauke da ita tun ƙuruciya suka same ta, lokacin da ba su san dama da hagu ba. Liman yana iya samunta, mahaddaciyar Alƙur'ani tana iya samunta. Kuma a sani: ba a ɗaukarta ta cin tuwo a kwano ɗaya, ko musabaha, ko zufa, ko cizon sauro, ko tsayuwa a sahu ɗaya. Ware wa mai ciwon kwanonsa da tabarmarsa zalunci ne da ba ya kare kowa.

Allah cikin rahamarsa Ya sa akwai rigakafi, kuma ya haura shekara arba'in ana amfani da shi. Taiwan ta fara yi wa jarirai a 1984, kuma bayan 'yan shekaru aka ga dajin hanta ya ragu a tsakanin yaranta. Gambiya ta fara a 1986. Saudiyya tana yi wa jariranta tun 1989. Kamaru ta saka shi cikin alluran yara a 2005, ana yinsa a mako na 6 da na 10 da na 14. Wannan ci gaba ne babba, sai dai ya bar ƙofa biyu a buɗe. Ta farko, duk wanda aka haifa kafin 2005 bai samu a jadawalin yara ba, kuma su ne iyayen da ke haihuwa a yau. Ta biyu, jaririn da ya ɗauki ƙwayar daga mahaifiyarsa ranar haihuwa, allurar mako shida ta iske ɓarna ta riga ta auku. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yi wa kowane jariri allurar farko cikin awa 24 da haihuwarsa, sannan a bi da sauran. A Afirka, bisa rahoton hukumar na 2024, kashi 18 cikin ɗari na jarirai ne kawai suke samun wannan allura, alhali kashi 63 cikin ɗari na sababbin masu kamuwa a duniya a nahiyarmu suke. Magabata sun ce tun ran gini, ran zane. Tukunyar da ta bushe ba ta karɓar ado.

Asibitin Tokombere ya ƙara koya mana wani darasi. Likitocin can sun bi sawun yaran da aka yi wa allurar a kan lokaci, suka ga cewa in ƙwayar ta yi yawa ƙwarai a jinin uwa, wasu jariran suna kamuwa duk da allurar. Maganin wannan shi ne a gwada uwa tun tana da ciki. In aka ga ƙwayar ta yi mata yawa, akwai magani mai suna tenofobir da za ta riƙa sha a watannin ƙarshe na cikin, ya rage ƙarfin ƙwayar kafin haihuwa. Ke nan abu biyu ne ba sa rabuwa: gwajin uwa wajen awon ciki, da allurar jariri a ranar farko. Shayarwa kuwa ba ta da laifi, uwa ta ci gaba da ba ɗanta nono.

To, a nan ne al'adarmu ta shigo. Mace da yawa a cikinmu a ɗaki take haihuwa, a hannun ungozoma. Mai cikin fari takan tafi goyon ciki gidan iyayenta, wani lokaci a ƙauye, wani lokaci a tsallaken iyaka. Bayan haihuwa hankalin gida yakan koma kan ruwan wanka da kunun kanwa da ƙauri, jariri kuma ba ya ganin waje sai bayan suna, a wasu gidajen ma sai an yi arba'in. Duk tanadinmu na ranar bakwai ne: rago, goro, alawa, atamfa, kuɗin wanzami da na maroƙa. Ba mu ce a bar ko ɗaya daga cikinsu ba, suna sunna ce kuma farin ciki ne. Abin da muke cewa shi ne, ranar farko ma tana da hakkinta, kuma kuɗin da take nema bai kai na ƙafar rago ɗaya ba. Tun 2015 akwai shirin shek-sante a jihohin arewa uku, wanda mace ke biyan sefa 6,000 a duba ta tun daga awon ciki har haihuwa da makonnin jego. Magidancin da ya iya sayen rago ba shi da hujjar barin matarsa ba ta je awo ba. In ta je, ta buɗe baki ta tambaya: an gwada ni ciwon hanta? Ina za a yi wa jaririna allura ranar da na haihu? Wadda kuma za ta je haihuwa Mubi ko wani gari a Najeriya, ta sani allurar ranar haihuwa tana cikin jadawalin can tun 2004, sai ta nema.

Wannan magana ta iyayenmu mata ce kafin kowa. Kaka da uwar miji da ungozoma su ne masu iko a ɗakin mai jego. In suka ce jariri ba zai fita ba, ko likita bai isa ba. Muna roƙonku, iyayenmu, ku zama ku ne masu cewa a naɗe shi a kai shi. Iskar da ake tsoron ta buge shi a hanya, zane mai kauri yana tare ta. Ƙwayar da ta zauna a hantarsa kuwa, babu zanen da zai fitar da ita.

Sai batun aska. Wanzanci sana'a ce mai daraja, kuma a garuruwan nan an san Hausawa da ita. Maƙwabtanmu na wasu ƙabilu ma wajen wanzamanmu suke zuwa. Wanzami ne ke askin suna, da cire beli, da kaciya, da ƙaho, da tsaga. Duk waɗannan ayyuka ne na jini. Ƙwayar nau'in B tana iya rayuwa a busasshen jini a kan ƙarfe aƙalla kwana bakwai, kuma jinin da ido ba ya gani ya isa. Goge aska da tsumma, ko wasa ta a fata, ko ɗauraye ta da ruwa, ba ya kashe ta. Ku duba kaciyar taro, inda ake jera yara goma a yi musu da aska ɗaya: in na farko yana da ƙwayar, sauran tara suna cikin hatsari. Haka masu yankan farce a kasuwa da ƙofar masallaci, da masu yin allura a gida, da reza ɗaya da 'yan gida ke karɓa-karɓa. Ba mu kira a kashe sana'ar kowa ba. Muna kira ga sarkin aska da ya tara mutanensa su yi ƙa'ida: kai ɗaya, reza ɗaya sabuwa, a ɓare ta a gaban mai ita, abin da ba a iya yarwa, kamar ƙaho da ƙarfen beli, a wanke shi tas a tafasa shi sosai kafin a taɓa wani da shi. Uba ya zo da rezarsa ranar suna kamar yadda yake zuwa da goro. Wanzamin da ya riƙe wannan ƙa'ida kasuwarsa ƙaruwa za ta yi, kuma shi kansa ya tsira, domin hannunsa ne a cikin jinin mutane kullum.

Akwai abokin tafiyar wannan ƙwaya da ke zaune a rumbunanmu. Mayo-Luti ƙasar gyaɗa ce da masara, kuma matanmu su ne masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da kunun gyaɗa. In aka adana gyaɗa ko masara da sauran danshi, fumfuna takan kama su, ta haifar da wata guba mai suna afulatoksin. An gano ta ne bayan 1960, lokacin da talotalo kimanin dubu ɗari suka mutu a Ingila sakamakon cin abincin da aka haɗa da gurɓatacciyar gyaɗa. Suya ba ta kashe ta, tafasa ba ta kashe ta. Ita kaɗai tana jawo dajin hanta, in kuma ta haɗu da nau'in B a jiki ɗaya, hatsarin yakan ninka sau da yawa. Abin takaici, ana tsince gyaɗa mai kyau a kai kasuwa, a bar ruɓaɓɓiya da mai ɗaci a gida a yi wa yara miya da ita. A shanya amfanin gona a kan tabarma ko leda har ya bushe ƙayau, a ɗora buhu a kan katako nesa da bango, a zubar da duk ƙwayar da ta canza launi. Asarar mudu ɗaya ta fi asarar hanta sauƙi.

Mu manya kuma, me ya rage mana? Gwaji. Ɗigon jini ne daga yatsa, sakamako ya fito kafin a sha shayi. Wanda ba shi da ƙwayar ya yi allura uku cikin wata shida ya huta. Wanda yake da ita ya sani ba hukuncin kisa aka yanke masa ba. Likita zai ƙara bincike, a asibitin Gider ko a Garwa inda cibiyar Pasteur take da reshe, ya ga ko yana bukatar magani yanzu ko sa ido kawai. Maganin ƙwaya ɗaya ce a rana; ba ta fitar da cutar gaba ɗaya, amma tana danne ta, tana rage hatsarin daji ƙwarai. Ya riƙa komawa ana duba hantarsa, ya guji jiƙe-jiƙen da bai san abin da ke ciki ba da shan ƙwayoyi barkatai, ya kuma kai matansa da 'ya'yansa da 'yan uwansa na ciki ɗaya a gwada su. Nau'in C ma yanzu ana warkar da shi sarai cikin wata uku. Masar ta gwada mutum fiye da miliyan 50 daga 2018, ta yi wa masu shi magani, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta yaba mata a 2023. Game da gwaji kafin aure, muna goyon bayansa da sharaɗi guda: kada ya zama dalilin fasa aure da tozarta 'yar mutane. In ɗaya yana da ita, a yi wa ɗayan rigakafi, a kiyaye ranar farko ta 'ya'yansu, su zauna lafiya.

Mun san abin da wasu za su ce. Wani zai ce ajali ba ya wuce lokacinsa. Haka ne, babu mai musun wannan. Amma malamanmu sun karantar da mu cewa kare rai yana cikin manyan manufofin shari'a, kuma mun karanta yadda Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta sauka can, ya nuna wa sahabbai cewa kauce wa cuta shi ma yana cikin ƙaddarar Allah. Wani zai ce bai yarda da alluran Turawa ba. Wannan zargi yana da tarihi, ba mu raina shi ba. Amma mun ga abin da ya biyo bayan dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003: cutar ta bazu zuwa ƙasashe da dama, yara suka nakasa, aka dawo aka ci gaba da rigakafin a 2004. Allurar da ake yi wa jariran Makka da Madina fiye da shekara talatin, ba ta hana su haihuwa ba. Wani kuma zai ce, in na gwada aka ce ina da ita, ina kuɗin magani? Wannan ita ce tambaya mai nauyi, domin binciken da ke bin bayan gwajin farko yana da tsada, ga kuɗin mota zuwa Garwa. Duk da haka sanin yana da amfani ko aljihu babu komai, domin da shi ne za a kare mata da jariri mai zuwa. Sauran nauyin kuma na hukuma ne.

Saboda haka muna da magana da hukuma. Ƙasar da ta zama ta farko a duniya wajen saka rigakafin zazzaɓin cizon sauro cikin alluran yara, a Janairun 2024, ba za a ce allurar ranar haihuwa ta gagare ta ba. Abin da aka rubuta a Yawunde ba ya kare jariri sai ya iso firjin ƙaramin asibitin ƙauye, ana samunsa dare da rana, Asabar da Lahadi, domin naƙuda ba ta san ranar aiki ba. Muna neman a tabbatar da gwajin kowace mai ciki da allurar kowane jariri ba tare da ƙarin kuɗi ba, a nemi hanyar isa ga waɗanda aka haifa a gida, a sauƙaƙa kuɗin bincike da magani a arewa inda ciwon ya fi yawa kuma aljihu ya fi rauni. Muna kuma neman a yi mana bayani da harshenmu. Sanarwar lafiya a nan da Faransanci da Fulatanci take zuwa, kuma akwai tsofaffinmu da amaren da aka kawo daga nesa waɗanda saƙon ke wucewa ta kansu. Ranar 28 ga Yuli ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da ciwon hanta ta duniya; bai kamata ta tsaya a jawabin manyan birane ba.

Amma kafin hukuma ta motsa, akwai abin da ba ya bukatar izinin kowa. Liman ya ware huɗuba ɗaya a kan wannan batu. Malaman Islamiyyar matan aure su karanta wa ɗalibansu wannan bayani. Ungozomomi su ɗauki alkawarin cewa duk jaririn da suka yanke wa cibiya, za su tura a kai shi asibiti a ranar. Ƙungiyoyin mahauta da teloli da 'yan kasuwa, waɗanda suke da asusun taimakon juna na biki da rasuwa, su buɗe shafi ɗaya na gwaji da kuɗin motar mara lafiya. Kuma duk wanda aka zo yi wa albishir ɗin haihuwa, bayan ya ce barka, Allah Ya raya, ya ƙara da tambaya ɗaya: an yi masa allurar?

Mu 'yan kaɗan ne a wannan ƙasa, kowa ya san kowa, kuma magana ɗaya daga zaure takan zaga unguwa kafin la'asar. Mu yi amfani da wannan. Wanda ya karanta ya karanta wa wanda bai iya ba, musamman iyayenmu mata.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya raya mana zuriya cikin ƙoshin lafiya da imani. Amin.